Tayar taɓo ko tayar ko'ina? Tambayoyi da amsoshi kan zaɓen taya mai manyan haƙora ga Hilux da Land Cruiser

Da zarar hadari ya fara haɗuwa a gabas, masu Hilux da Land Cruiser da Prado da Patrol sukan fara zaryar wajen masu sayar da taya, kowa da labarin inda motarsa ta kafe bara. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda suka fi maimaituwa a bakin manoma, da 'yan kwangila, da direbobin ƙungiyoyin agaji, da fatake masu cin kasuwannin ƙauye. An fara da na farko-farko, sannan aka shiga lambobi da iska da gwanjo.

Mece ce taya mai haƙora, kuma me ya bambanta ta da wadda ta zo da motar?

A gefen taya ko a cikin sunanta za ka ga haruffa biyu. H/T tayar kwalta ce, zanenta ƙanana ne a matse, ita ce yawancin sababbin motoci ke zuwa da ita. A/T ita ce ta ko'ina, wato kwalta da burji da ɗan taɓo. M/T ita ce ta taɓo zalla, mai manyan haƙora da wawakeken fili a tsakaninsu, har haƙoran sukan gangaro kafaɗar tayar su sauko gefe. Akwai kuma R/T da ta shigo daga baya, tsakanin A/T da M/T.

Zurfin zanen sabuwar tayar ƙaramar mota bai cika wuce milimita 8 ba. A/T mai kyau takan kai 12, M/T kuwa 14 zuwa 15. Amma ba zurfin ne sirrin ba, filin da ke tsakanin haƙoran ne. Idan taya ta juya cikin taɓo, filin nan ne ke ba ta damar watsar da abin da ta ɗebo, ta dawo ƙasa da haƙora a buɗe ta sake cizo.

Motata tana jan taya huɗu, me ya sa duk da haka take kafewa?

Giyar 4H da 4L aikinsu kai ƙarfin inji ga tayoyin gaba da na baya. Kama ƙasa kuwa aikin roba ne. Tayar kwalta idan ta shiga laka, juyi biyu ko uku zanenta ya cushe, ta koma sumul kamar malmalar tuwo. Daga nan ko ƙarfin tirela ka ba ta, juyawa kawai za ta yi tana fesa wa masu turi taɓo.

Akwai kuma abin da ba laifin taya ba ne. A yawancin waɗannan motoci, idan taya ɗaya a aksul ta rasa abin kamawa, ƙarfin yakan zurare ta wajenta, ɗayar ta tsaya cik. Shi ya sa wasu Hilux da Land Cruiser ke da maɓallin kulle aksul ɗin baya. Haka nan idan cikin motar ya zauna a kan tudun da ke tsakanin sawun manyan motoci, babu haƙorin da zai fitar da kai, sai shebur da jak. Wannan ya shafi tsayin taya, an yi bayaninsa a amsar da ke magana kan ƙara girma.

To ta yaya zan san M/T ce ta dace da ni ko A/T?

Ka ɗauki biro ka rubuta tafiye-tafiyenka na shekara guda, ba na ranar da ka fi shan wahala ba. Mutane da yawa suna sayen taya ne saboda yini ɗaya da suka kwana a fadama, sannan su yi wata goma sha ɗaya suna jin kukanta tsakanin Kano da Abuja. Idan kashi bakwai ko takwas cikin goma na tafiyarka kwalta ce, sauran kuma burji da jar ƙasa zuwa gona, A/T mai ƙarfin gefe ta ishe ka, kuma za ta fi daɗewa.

M/T tana biyan kuɗin sabulunta ne a inda ƙasa ke manne wa taya. Baƙar lakar nan da mutanen Borno ke kira firgi, wadda ta shimfiɗu wajen Dikwa da Marte da Ngala, da rani takan tsage ta yi tauri kamar dutse, da ruwa ya taɓa ta kuwa sai ta zama danƙo mai santsi. Haka fadamun Haɗeja da Nguru a watan Agusta, da hanyoyin ƙauyukan tsaunin Mambila idan ka bar kwaltar Gembu, inda ga jar laka ga gangara ga ruwan da ba ya ɗaukewa. Wanda aikinsa ke tilasta masa shiga irin waɗannan wurare ko ana ruwa ko ba a yi, kamar mai kai allurar rigakafi ko mai kwaso shinkafa daga fadama, shi ne mai M/T na gaskiya. Ko a firgi ɗin ma, kada a ruɗe ka, idan ta jiƙe sosai takan cushe M/T, sai dai M/T ta fi saurin kakkaɓe ta idan ka ɗan ƙara wuta.

Akwai rukuni na uku, masu saye don ado. Ba laifi ba ne, mota mai manyan haƙora tana da kwarjini a bakin ƙofa. Amma mai yin haka ya karanta amsar da ke kan abin da ake rasawa a kwalta kafin ya ƙirga kuɗi.

Rairayi fa? Ai M/T ce za ta fi ci a Yusufari ko hanyar Bilma?

A'a, nan ne ma mutane suka fi yin kuskure. A taɓo ana son taya ta tona har ta tarar da ƙasa mai tauri. A rairayi babu abin da za ta tarar, tonon rami ne kawai. M/T da cikakkiyar iska, idan direba ya taka wuta a tudun yashi, cikin daƙiƙoƙi kaɗan za ta binne kanta har aksul. Abin da rairayi ke so shi ne taya ta yi shimfiɗa ta hau samansa, kamar tafin raƙumi.

Direbobin da ke bin Agadas zuwa Dirku da Bilma, da masu shiga jigayin Yusufari da Tasker, dabararsu rage iska ce tun kafin a shiga yashi, da tafiya a hankali ba tare da fizga ba. A/T, kai har tsohuwar taya mai ɗan sauran zane, takan yi kyau a nan. Ba a ce M/T ba za ta bi rairayi ba. Za ta bi, amma sai an rage mata iska sosai kuma an sassauta ƙafa. Adadin iskar yana cikin amsar da ke kan yawan iskar da za a sa.

Me zan rasa a kan kwalta idan na sa M/T?

Na farko shiru. Daga gudun kilomita 60 zuwa sama za ka fara jin gurnani, kuma yana ƙaruwa yayin da haƙoran ke cinyewa. Wanda ya saba sauraron rediyo a doguwar tafiya zai gane bambancin tun ranar farko.

Na biyu mai. Tayar ta fi nauyi, wani lokaci da kilo biyar ko fiye a kowace ƙafa, kuma haƙoran suna lanƙwasa suna cin ƙarfin inji. Tun da aka janye tallafin fetur a watan Mayun 2023, wannan ya daina zama ƙaramar magana, ga dizal kuma da ma can ba shi da tallafi.

Na uku, wanda ya fi muhimmanci, birki a jiƙaƙƙiyar kwalta. Robar da ke taɓa ƙasa ta ragu saboda filin da ke tsakanin haƙora, kuma M/T ba ta da yawan 'yan siraran tsagar nan da ke tsotse ruwa a ƙarƙashin taya. Don haka nisan da mota ke yi kafin ta tsaya yakan ƙaru. A-kori-kura da babu kaya a baya ta fi kowa shiga wannan haɗari, don bayanta ba nauyi, a kwana sai ya nemi ya wuce gaba. Ruwan farko na damina, wanda ke taso da man da ya zuba a kwalta duk rani, shi ne mafi santsi.

Me lambobin da ke gefen taya suke nufi?

Ɗauki wannan: LT265/70R17 121/118Q. Lamba 265 faɗin tayar ne a milimita. 70 na nufin tsayin gefenta kashi 70 cikin ɗari ne na faɗin, wato kimanin milimita 185. R na nufin ginin radiyal, 17 kuma girman rim ne a inci. 121 lambar kaya ce, tana nufin tayar za ta ɗauki kilo 1,450 ita kaɗai idan an cika mata iskar da ta dace, 118 kuma na motocin da ke jera taya biyu a gefe guda ne. Don kwatanci, 112 kilo 1,120 ne. Harafin ƙarshe iyakar gudu ne: Q kilomita 160 a awa, S 180, T 190, H 210. Yawancin M/T a Q suke tsayawa.

Tsofaffin motoci da na aiki suna da nasu salon rubutun. Land Cruiser ƙirar 70 da yawa suna kan 7.50R16, Hilux ta aiki kuma 205R16C. Akwai kuma salon Amurka irin 31x10.50R15, inda 31 tsayin tayar ne gaba ɗaya a inci, 10.50 faɗinta. Ƙa'ida ɗaya ba a karya ta: kada lambar kayan sabuwar tayar ta gaza wadda ke rubuce a takardar da aka manna a jikin ƙofar direba.

Mece ce LT, kuma "fulai" nawa zan nema saboda ƙaya da duwatsu?

LT alama ce ta tayar da aka gina don ƙananan motocin ɗaukar kaya, gangar jikinta ta fi ta motar shiga kauri. A cikinsu akwai aji C, da D, da E, waɗanda masu taya ke kira fulai 6, fulai 8 da fulai 10. Sunan ya samo asali ne tun zamanin da ake shimfiɗa zaren auduga hawa-hawa. Yau tayar "fulai 10" ba hawa goma gare ta ba, ƙarfinta ne ya kai na waccan. Ainihin adadin hawan yana rubuce da ƙananan haruffa a gefen tayar, kuma wasu M/T hawa uku gare su a gefe maimakon biyu.

A ganina, a ƙasarmu wannan ya fi girman haƙori muhimmanci. Abin da ke kashe taya a daji ba taɓo ba ne. Kututturen da aka sare ya bar tsini ne, da ƙayar aduwa da farar ƙaya, da kaifin dutse a Filato ko tsaunukan Abzin, da bakin kwaltar da ta zaizaye. Duk gefe suke kamawa, gefen taya kuwa idan ya yage ta gama aiki. Mai loda buhunan masara a bayan Hilux ya nemi D ko E. Mai Prado da iyali kawai yake ɗauka, E za ta sa motar ta riƙa dukansa a gargada, C ko D ta fi masa daɗi.

Zan iya ƙara girman taya?

Za ka iya, amma a yi lissafi. 265/65R17 da ke zuwa da Hilux da Prado da yawa tsayinta milimita 776 ne. 265/70R17 kuma 803. Bambancin 27 ne, amma motar rabinsa kawai za ta ɗaga, wato kimanin milimita 13. Agogon gudu zai riƙa nuna ƙasa da gaskiya da kusan kashi uku da rabi cikin ɗari, haka ma lissafin kilomita. Wannan mataki guda yawanci yana shiga, ko da yake M/T mai kafaɗa takan goga robar cikin mudgad idan an karya sitiyari har ƙarshe.

285/70R17 kuwa milimita 831 ce. Nan an shiga batun ɗaga mota, da yanke-yanke, da sauya rim. Motar za ta yi nauyin tashi kamar kullum a giya ta biyu kake tayar da ita, kuloci da birki da boris ɗin ƙafa su riƙa shan wahala, safaya kuma ta ƙi shiga mazauninta a ƙarƙashin bodi. Kafin ka biya, ka sa a ɗaura guda ɗaya a gaba, a karya sitiyari hagu da dama, a hau da ƙafar kan tudu a duba ko tana taɓa wani abu.

Wani abin da ba a cika faɗa ba: rim ƙarami ya fi a daji. Rim 16 ko 17 yana barin gefen taya mai tsayi da zai shanye duka kuma ya karɓi ragin iska. Rim 20 da siririyar roba na cikin gari ne.

Mai faɗi ta fi ko siririya?

Ido ya fi son mai faɗi. Amma dubi abin da ke ƙarƙashin Land Cruiser na asibitocin karkara da na masu hakar rijiyoyi: 7.50R16 ko 235/85R16, dogaye sirara. Siririya tana yanka taɓon sama ta tarar da ƙasa mai tauri, tana zama cikin sawun da wasu motoci suka bari, ba ta cika kwasar kututture a gefe ba, kuma ta fi sauƙin mai. Idan an rage iska, sawun taya tsawo yake ƙarawa fiye da faɗi, don haka doguwar siririya ma tana shimfiɗa a yashi. Mai faɗi ta fi a kwana a kan kwalta da kuma taɓon da ba shi da ƙasa.

Iska nawa zan sa?

A kwalta, ka fara da abin da ke takardar ƙofar direba, ka auna da safe kafin taya ta yi zafi. Idan ka koma LT daga tayar motar shiga, takan buƙaci ƙarin 'yan psi, wato ma'aunin iskar taya, kafin ta ɗauki kaya iri ɗaya. Lambar da ke gefen taya, 50 ga C, 65 ga D, 80 ga E a yawancin girma, iyaka ce ta cikakken lodi, ba abin da za a sa kullum ba. Masu faci da yawa sun saba dannawa har geji 50 su buga da ƙarfe su ji ƙara. Ka sayi gejinka na aljihu.

A burji da gargada, ragin psi 5 zuwa 8 yana sa mota ta daina tsalle. A duwatsu da taɓo ana sauka wajen 20 zuwa 25. A rairayi mai laushi 15 zuwa 18. Ƙasa da 12 akwai haɗarin taya ta saɓule daga rim, musamman a kwana. A Nijar da Chadi geji yawanci da bar yake, bar ɗaya psi 14.5 ne. Mota mai nauyin kaya ba a rage mata kamar wadda ba komai.

Sharaɗin shi ne duk iskar da ka rage ka rage gudu da ita, kuma ka mayar da ita kafin ka hau kwalta. Taya mai ƙarancin iska a gudun 100 cikin zafin Afrilu dafuwa take yi daga ciki har ta fashe. Wanda ba shi da ɗan injin iska mai aiki da batirin mota, bai shirya rage iska ba.

Zan iya sa M/T biyu a baya in bar na gaba yadda suke?

Ana yi, amma ba shawara ba ce. A motocin da ke jan taya huɗu koyaushe, irin Prado da Land Cruiser 100 da 200, bambancin tsayi tsakanin gaba da baya yana sa giyar tsakiya aiki ba hutu. A Hilux, wadda sai ka sa 4H, bambancin yana ɗaure giya idan ƙasa ta yi tauri. Ko girman da ke rubuce iri ɗaya ne, M/T sabuwa ta fi H/T da ta ci rabi tsayi. Ga kuma birki a ruwa, gaba na kamawa daban baya daban. Taya biyu mabambanta a aksul ɗaya kuwa, wannan a guje shi ko ta halin ƙaƙa.

Ka sayi biyar. Safaya ƙarama a ƙarƙashin mota mai manyan tayoyi ba za ta fitar da kai daga inda manyan suka shigar da kai ba.

Wane kamfani ne ya fi?

Sunayen da aka fi sani a M/T sun haɗa da BFGoodrich KM3, da Maxxis Razr MT, da Cooper STT Pro, da Toyo Open Country M/T, da Yokohama Geolandar G003. A A/T kuma BFGoodrich KO2 ta yi suna, magajiyarta KO3 ta fito a 2024. Kamfanin BFGoodrich na Michelin ne tun 1990. Akwai kuma na China masu rahusa, wasunsu suna aiki, sai dai a nan ne aka fi samun roba mai santsi a ruwa da taya mai wuyar balansin.

Tun da Michelin ta rufe masana'antarta ta Fatakwal a 2007, Dunlop kuma ta daina ƙera taya a Ikeja a 2008, kusan duk tayar da ke kasuwa daga waje take, farashinta yana bin dala. Don haka tambayar da ta fi "wane ya fi" ita ce: idan ɗaya ta yage a Gashuwa ko Damagaram, zan sami irinta a kusa? Girman da kowa ke amfani da shi ya fi wanda sai an aiko daga Legas.

Gwanjo fa? Kuma ta yaya zan gane shekarun taya?

Nemi layin da ya fara da DOT, ka duba lambobi huɗu na ƙarshe. 2323 na nufin mako na 23 na shekarar 2023. Hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC ta daɗe tana gargaɗin cewa shekara huɗu ce wa'adin taya. Michelin kuwa cewa ta yi a riƙa kai ta dubawa duk shekara bayan ta cika biyar, a sauke ta a goma ko zanenta bai cinye ba. A zafinmu, lissafin FRSC ya fi kusa da abin da rana ke yi wa roba.

M/T ta gwanjo tana da tarko na musamman: haƙoranta manya ne, ko ta tsufa sai ta yi kama da mai sauran rai. Ka buɗe tsakanin haƙoran ka nemi ƙananan tsaga, ka shafa cikinta ka ji ko an yi faci a gefe, ka duba bakin da ke zama kan rim ko ya gutsure. Doka ta bar zanen taya ya cinye har milimita 1.6, amma M/T da ta ci rabin haƙoranta ta daina aikin taɓo, ƙararta kawai ta rage. A kuma yi hankali da tayoyin hunturu na Turai, robarsu mai laushi ce da zafi ke cinyewa da wuri. Hoton dutse da ƙanƙara a gefen taya kaɗai bai isa shaidar cewa ta hunturu ce ba, don A/T da yawa ma suna ɗauke da shi, sai a karanta sunan tayar.

Na saya. Me zan yi don kada su cinye da wuri?

M/T tana saurin cinyewa a karkace, gaban haƙori ya yi ƙasa bayansa ya yi sama kamar zarto, kuma da ta fara haka gurnanin ya ninku. Maganinsa juya su duk kilomita 8,000 zuwa 10,000, a sa safaya cikin zagayen, a yi balansin da alaimen tun ranar ɗaurawa, a duba shokazoba. Bayan fitowa daga laka a wanke cikin rim, don busasshen taɓo kaɗan ya isa ya sa sitiyari rawa.

A Hilux da sauran masu 4H na sawa da cirewa, ka cire shi da zarar ka hau busasshiyar kwalta. Hujin ƙusa ko ƙaya a tafin taya ana toshe shi da igiyar faci a daji, a kai wa mai faci ya liƙa daga ciki idan an iso gari. Yankan gefe kuwa, facinsa na isa gida ne kawai a hankali, daga nan tayar ta sauka.